Gwangwanin Ots da Tukunyar Kuɓewa

Duk wanda ya saba bin titin Zariya da hantsi, daga Unguwa Uku zuwa Gyadi-Gyadi, ya san irin taron jama'ar da ke shiga da fita a ƙofar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a shekarar 1988. A cikin masu fitowa ba a rasa magidanci ɗan shekara arba'in da ɗoriya, mazaunin Ƙauyen Alu ko Tarauni, riƙe da takardar gwaji, likita ya shaida masa cewa kitse ya yi yawa a jininsa, ko kuwa hoton ciki ya nuna maiƙo ya fara taruwa a hantarsa. Kafin ya isa gida ya sha shawarwari iri-iri, a majalisa da wurin aiki da cikin wayarsa, kuma galibinsu wuri guda suke dosa: ya sayi ots, watau hatsin nan na ƙasashen sanyi da ake sayarwa a gwangwani ko a leda, wanda jama'a suka fi sani da sunan Quaker. An ce yana wanke jini, yana kuma wanke hanta. Sai ya ratse kanti ya saya da kuɗin da ya ware don cefane.

Wannan shawara ba ƙarya ba ce ɗungurungum, kuma a nan haɗarinta yake. Ƙarya tsagwaronta tana da sauƙin kaucewa. Gaskiyar da aka hura ta wuce girmanta ita ce ke sa mutum ya ajiye ƙwayar da likita ya rubuta masa ya rungumi kofin kunu. Ots yana rage kitsen jini, wannan tabbas ne, amma kaɗan yake ragewa. Batun wanke hanta kuwa, masu talla sun riga masu bincike isa inda za a je. Bugu da ƙari, sirrin da ke cikin gwangwanin nan akwai danginsa a tukunyar miyar kowane gida na Ƙauyen Alu, sai dai ba a rubuta shi da Turanci a jikin tukunyar ba.

Yadda yauƙi ke kama maiƙo

Kitsen jinin da likitoci suka fi damuwa da shi sunansa kolestarol. Wani maiƙo ne mai kama da kakin zuma, kuma jiki ba ya rayuwa sai da shi, domin da shi ake gina bangon kowace ƙwayar halitta. Mafi yawansa jiki ne ke ƙera shi da kansa, hanta ce kuma babbar masana'antarsa. Wanda ke shigowa ta abinci shi ne ƙaramin kaso. Da yake maiƙo ba ya gauraya da ruwa, sai a ɗure shi cikin wasu 'yan ƙunshi da ke yawo da shi a jini. Ƙunshin da ake kira LDL shi ke raba kolestarol ga sassan jiki, wanda ake kira HDL kuma shi ke kwaso ragowar ya mayar wa hanta. Idan LDL ya yi yawa sai ya riƙa maƙalewa a bangon jijiyoyin jini, shekara da shekaru, hanya tana tsukewa kamar magudanar da yashi ya cika, har ranar da za ta toshe. In a zuciya ta toshe, bugun zuciya ke nan. In a ƙwaƙwalwa ne, shanyewar ɓarin jiki. Abin tsoron shi ne ba ya ciwo, ba ya zazzaɓi, kuma siririn mutum ma yana iya samunsa. Gwajin jini kaɗai ke fallasa shi, inda ake son jimillar kolestarol ta kasance ƙasa da milimol 5.2 a kowace litar jini.

To ina ruwan ots da wannan? Duk yaron da ya taɓa tsayawa a wurin fiɗar rago ya ga wata 'yar jaka koriya manne da hanta, wadda mahauci ke cirewa da lallami don kada ta fashe nama ya yi ɗaci. Ita ce matsarmama. Ruwan da ke cikinta hanta ce ke yin sa, kuma da kolestarol take yin sa. Aikinsa a cikin hanji irin aikin sabulu ne a kwanon da aka ci miyar mai: yana farfasa maiƙon abinci don ya narke. Sai dai hanta mai tattali ce. Bayan ruwan ya gama aikinsa, kusan kashi 95 cikin ɗari na sinadaransa ana sake tsotse su a ƙarshen ƙaramin hanji a mayar mata, ta sake amfani da su sau da yawa a yini guda.

A cikin ƙwayar ots akwai wata irin harza mai narkewa a ruwa, wadda masana ke kira beta-gulukan. Ita ce ke sa kunun ots ya yi kauri da santsi. Idan ta shiga hanji sai ta zama yauƙi, ta cukuikuye wani kaso na ruwan matsarmama ta hana a tsotse shi, ya fita tare da bayan gida. Hanta ta yi asara ke nan, dole ta ƙera sabo, don haka sai ta nemi ƙarin kolestarol. Masu bincike biyu na Jami'ar Texas a Amurka, Michael Brown da Joseph Goldstein, sun sami lambar yabo ta Nobel a 1985 saboda gano cewa ƙwayoyin jiki, musamman na hanta, suna da wasu 'yan ƙugiyoyi da ke cafko LDL daga jini. Duk lokacin da hanta ta ƙaranta da kolestarol sai ta ƙara yawan ƙugiyoyin, LDL na jini ya ragu. Ashe ots ba wanke jini yake yi ba, ko kusa da jini ba ya zuwa. Satar ruwan matsarmama yake yi a hanji, hanta kuma ta biya kanta daga jini.

Nawa yake ragewa?

Tun a 1963 wasu masana a ƙasar Holan suka ciyar da samari burodi mai ɗauke da ots da yawa, suka ga kolestarol ɗinsu ya sauka. A shekarun 1980 Dakta James Anderson na Jami'ar Kentucky ya yi ta gwaje-gwaje a kan dusar ots, sai abin ya zama yayi a Amurka, ana barbaɗa ta a biskit da burodi da duk abin da za a iya sayarwa. A 1990 wani ƙaramin bincike da aka yi a Boston a kan mutum 20, waɗanda dama kitsen jininsu bai yi yawa ba, ya nuna dusar ots ba ta fi garin alkama ba, nan take kasuwar ta faɗi. Jama'a sun yi gaggawar yarda, sun kuma yi gaggawar juya baya, alhali bincike guda ba ya yanke hukunci a kimiyya. Sai a 1997, bayan an tara gwaje-gwaje masu yawa, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yarda a rubuta a jikin kwali cewa giram 3 na beta-gulukan a kullum, tare da rage cin kitse, yana iya rage haɗarin ciwon zuciya.

A 2014 aka haɗa sakamakon gwaje-gwaje 28 wuri guda aka auna. Abin da ya fito shi ne, cin giram 3 ko fiye a kullum yana rage LDL da kimanin milimol 0.25 a lita. Bai taɓa HDL ba, bai kuma rage ɗaya kitsen jinin da ake kira tirigiliserid ba. Ɗalibi ya ɗauki biro ya yi lissafi. Magidancin da takardarsa ta nuna LDL 4.5, in ya dage da shan ots kullum ba fashi, zai dawo wajen 4.25. Ƙwayoyin sitatin da likitoci ke rubutawa kuwa suna rage LDL da kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari, watau su sauko da shi daga 4.5 zuwa wajen 3 ko ƙasa da haka. Ga wanda kitsensa ya ɗan haura kaɗan, ragin da ots ke yi abin so ne. Ga mai ciwon sukari ko hawan jini, ko wanda ya taɓa samun bugun zuciya, musanya ƙwaya da kunu daidai yake da tare ambaliya da faifai.

Akwai kuma lissafin aljihu. Beta-gulukan kusan kashi 4 cikin ɗari ne na nauyin ots, saboda haka samun giram 3 yana bukatar wajen giram 75 na busasshen ots, kusan cikin kofi guda, ba cokali biyun da aka saba damawa ba. Gwangwani mai giram 500 ba zai wuce mako guda ba ga mutum ɗaya, kuma ranar da aka daina sha amfanin ya fara gushewa. Ots ba ya cikin amfanin gonar ƙasar Kano. Tsiron sanyi ne, Kanada da Rasha su ne manyan masu noma shi. Farashinsa a kantunan Tarauni yana bin farashin dala ne, kuma kowa ya ga yadda kayan waje suka yi tashin gwauron zabo bayan an saki darajar naira a watan Yunin 2023.

Mafi ban takaici shi ne yadda ake shan sa. A dama cokali biyu, a zuba sukari cokali uku, a kwarara madarar gwangwani, a haɗa da burodi da bota da soyayyen ƙwai, sannan a tashi da zuciya ɗaya cewa an sha magani. Da rana a ci shinkafa da mai yana ninƙaya, da dare a tsaya wurin mai tsire a ce ya sa kitse. Abin da ya fi ɗaga LDL shi ne kitsen da ke daskarewa in ya huce, irin na nama da kayan ciki da man shanu da bota, da manja in an cika shi. Wanda bai rage waɗannan ba, ots ɗinsa ado ne kawai a kan tebur. Biskit ɗin da aka zana hoton ots a kwalinsa ma kada ya ruɗi kowa, sukari da man da ke ciki sun rinjayi 'yar harzar.

Abin da ke cikin tukunya

Wani abin lura shi ne, tunanin cewa harzar abinci tana kare lafiya daga Afirka ya samo ƙarfinsa. Likitoci biyu da suka daɗe suna aiki a Uganda, Denis Burkitt da Hugh Trowell, su suka yayata shi a shekarun 1970, bayan sun lura cewa cututtukan da suka addabi Turawa, irin su ciwon zuciya da sankarar hanji, ba su cika ganin su ga manoman karkara masu cin hatsi da dusarsa da wake da ganyaye ba. Turawa suka ɗauki darasin suka zuba shi a gwangwani. Jikokin manoman kuma suka koma farar shinkafa da taliya da burodi, suna sayen darasin da kuɗin waje.

A 2003 Farfesa David Jenkins na Jami'ar Toronto a Kanada ya wallafa wani gwaji da ya kamata kowane malamin kimiyya ya sani. Ya haɗa wa mutane masu yawan kolestarol abinci mai ƙarancin kitse, wanda ya ƙunshi waken soya da 'ya'yan almon da wani mai na musamman daga tsirrai, da kuma abinci masu yauƙi. A cikin wata guda LDL ɗinsu ya sauka da kusan kashi 29 cikin ɗari, dab da kashi 31 da ƙwayar lobasitatin ta rage wa wani rukunin. Abincin masu yauƙin nan ba ots kaɗai ba ne. Akwai sha'ir, akwai wani dangin yalo, akwai kuma kuɓewa, ita dai kuɓewar da ake kasawa a kasuwar Tarauni. Darasin gwajin shi ne, babu abinci guda da ya yi aikin. Taron dangi aka yi wa kitsen.

Wake ma an auna shi. Wani nazari na 2014 da ya tattara gwaje-gwaje 26 ya nuna cewa cin kimanin giram 130 na dafaffen wake ko danginsa a kullum yana rage LDL da wajen kashi 5 cikin ɗari, kusan daidai da abin da ots ke yi. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya noman irin waken da ake ci a nan, kuma buhunansa ne jibge a kasuwar Dawanau. Sai dai alala da dafaffen wake su ne abin nufi, domin ƙosan da ya sha mai ya mayar da abin da ya cire.

Gero da dawa fa? Gaskiya ba su da beta-gulukan mai yawa, kuma ba daidai ba ne a ce fura tana yin aikin ots. Amma hatsin da ba a cika surfa shi ba yana riƙe da harzarsa, yana daɗewa a ciki, yana rage yawan ci. A gidaje da yawa ana surfe har sai hatsi ya yi fari tas, a kwashe dusar a ba akuya. Tuwon dawa da miyar kuɓewa ko kuka ko karkashi, mai kaɗan, da wake sau da yawa a mako, ba abincin da za a ji kunyarsa ba ne a gaban kowane gwangwani.

Malami yana iya nuna wannan a aji ba tare da kayan awo masu tsada ba. A samo kofuna uku masu ruwa daidai wa daida, a jiƙa ots a ɗaya, dakakkiyar busasshiyar kuɓewa a na biyu, farar shinkafa a na uku, a bar su zuwa washegari. Ɗalibai su ɗibi ruwan kowanne da cokali su tsiyayar, su ƙirga daƙiƙun da yake ɗauka kafin ya zube. Abin da ya ja zare a cokali, shi ne zai ja zare a hanji.

Hanta da maƙiyanta

Idan maiƙo ya taru a fiye da kashi 5 cikin ɗari na ƙwayoyin hanta, ana cewa mutum yana da kitsen hanta. An daɗe ana danganta wannan da shan giya, sai a 1980 likitocin asibitin Mayo a Amurka suka bayyana irinsa ga mutanen da ba sa sha. Yanzu an ƙiyasta kusan kashi 30 cikin ɗari na manyan mutanen duniya suna da shi, galibi masu teɓa da masu ciwon sukari. Ga mafi yawansu yana zaune shiru, ga wasu kuma hanta takan kumbura, ta yi tabo, ta ƙanƙance.

Yawancin binciken da ake kafa hujja da shi cewa ots yana gyara hanta a kan ɓeraye aka yi shi, ɓeran da aka ɗura wa kitse a keji kuwa ba magidancin Ƙauyen Alu ba ne. Gwaje-gwajen da aka yi a kan mutane ƙanana ne kuma gajeru. Wani da aka wallafa daga Taiwan a 2013 ya ba masu ƙiba ots har mako 12. Nauyinsu ya ragu, sinadaran da ke nuna wahalar hanta a jini sun sauka, amma hoton ciki bai nuna hantar ta canza ba. Ko saukar sinadaran ma, raguwar nauyin tana iya zama ita ce sila. Abin da likitocin hanta suka haɗu a kansa shi ne rage kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari na nauyin jiki, da motsa jiki. Mai kilo 90 ya zubar da kilo 6 zuwa 9 a hankali. Ots yana iya taimakawa a nan in ya maye gurbin burodi da bota, ba in an ƙara shi a kansu ba.

Sukari kuwa shi ne ɓarawon da ke shiga ta ƙofar gaba. Rabin sukarin da ake sha wani nau'i ne da ake kira furuktos, wanda hanta ce ke sarrafa mafi yawansa, in ya yi mata yawa kuma sai ta mayar da shi maiƙo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da babba ke ƙarawa a abinci kada ya wuce wajen giram 50 a yini, kimanin ƙananan cokula 12. Kwalbar lemo guda mai rabin lita tana iya cinye wannan kason duka, ba a zo ga shayin safe da zoɓo da kunun zaƙi ba.

Sai dai duk wannan magana ta kitse tana iya kawar da ido daga abin da ya fi kashe hanta a ƙasar nan. Binciken ƙasa da aka gudanar a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, kusan mutum ɗaya cikin goma sha biyu ke nan, kuma mafi yawansu ba su sani ba. Tana wucewa daga uwa zuwa jariri, da tsakanin yara, da ta aska da allura da duk wani ƙarfen da ya taɓa jini aka sake amfani da shi ba a tafasa ba. Tana iya shekara ashirin ko talatin tana cin hanta a ɓoye.

Ga kuma abokiyar ta'asarta, gubar afulatoksin, wadda wani irin fumfuna ke zubawa a gyaɗa da masarar da aka adana ba su gama bushewa ba. An gano ta ne bayan talotalo kusan 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 saboda cin abincin da aka haɗa da gurɓataccen tunkuzar gyaɗa. Dahuwa ba ta kashe ta. Ita kaɗai tana jawo sankarar hanta, in kuma ta haɗu da nau'in B a jiki guda haɗarin yana ninkawa sau da yawa. A garin da ya yi suna da dalar gyaɗa, inda ƙuli-ƙuli da kunun gyaɗa da yajin tsire suke abincin yau da kullum, tsince ƙwayar da ta yi baƙi ko ta motse kafin a niƙa ya fi wa hanta amfani a kan kwali goma na ots. Haka nan jiƙe-jiƙen da ake tallatawa da lasifika da sunan wankin hanta: duk abin da aka haɗiya hanta ce ke fara karɓarsa, kuma ba wanda ya auna abin da ke cikin jarkar.

Allurar rigakafin nau'in B ta shiga jerin alluran yara a Nijeriya a 2004. Yawancin ɗaliban sakandare na yau an haife su bayan haka, kuma katin asibitinsu zai nuna ko an yi musu. Iyayensu da malamansu kuwa, har da magidancin nan da ya fito da takarda a hannu, an haife su kafin lokacin. Gwajin ɗigon jini ne daga ɗan yatsa, sakamako ya fito cikin kamar minti 20. Wanda ba a samu ƙwayar a jikinsa ba, allura uku ce cikin wata shida. Wanda aka samu, likita zai duba ko yana bukatar magani irin su tenofobir, wanda ke danne ƙwayar ya kare hanta, sannan a gwada matarsa da 'ya'yansa, jaririn da za a haifa a gidan kuma a yi masa allurar farko cikin awa 24 da haihuwa.